Ta'aziyyar Issifou Alassani

Ranar Litinin, shida ga watan Yuni na 1988, gari ya waye da ruwa a Lomé, irin ruwan nan da ba tsawa ba iska, sai zuba. Kafin a fito daga sallar asuba hanyar Zongo ta koma jan kunu. Da hantsi Muniru ya fito cikin kwat mai ruwan toka, ya ɗaure wa kowane takalmi leda, ya rungume wata 'yar jaka a ƙirji.

Bai nufi bakin titi kai tsaye ba. Ya ratse rumfar kawunsa, Alhaji Alassani dillalin shanu, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami. Alhaji yana shan koko, ɗansa Issifou yana gefe yana bitar littafin shari'a.

"Kawu, a sa ni cikin addu'a. Yau zan sallami tsohuwar na'urar jami'a."

Muniru ma'aikaci ne a ofishin rajistar ɗalibai. Bara aka tura shi wani ɗan kwas na kwamfuta a Abidjan, kwas ɗin da yake ƙara tsawo duk lokacin da ya ba da labarinsa. Ya zaro wani baƙin faifai daga jakar, ya ɗaga shi sama.

"Duk jami'a za ta shiga cikin wannan."

"Har da kai?" in ji Issifou, wanda taubashinsa ne, yana da damar faɗa masa abin da ya ga dama.

"Ka yi karatunka, ƙaramin lauya."

Alhaji ya ajiye ludayi. "Ni abu ɗaya na sani. Makarantar alƙalai ta Dakar ta ce ta ajiye wa yaron nan gurbi. In takardar sakamakonsa ba ta isa ba kafin watan bakwai ya ƙare, sun ba wani. Na'urarka za ta fito da ita?"

"Kawu, da tsohuwa sai ka yi ta jira. Da tawa, kafin ka gama kokon nan."

"Na kusa gamawa."

"Misali nake yi."

Tsohuwar na'urar ta cika ɗaki guda a ofishin. Tana ƙara kamar injin niƙa, ba ta cin komai sai katuna masu ƙananan huji. Kowane ɗalibi yana da lamba, kowane kati yana ɗauke da lambar mai shi. Tana da nawa, amma tun da aka kawo ta ba ta taɓa ba wani sakamakon wani ba. Sabuwar kuwa a kan tebur ɗaya ta zauna, da gilashi mai koren rubutu.

Abu na farko da Muniru ya yi shi ne soke lambobi.

"Mutum ba saniya ba ne da za a buga masa lamba," ya gaya wa Sakataren jami'a. "Suna da ranar haihuwa sun isa. Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba."

Sakatare bai san kwamfuta ba, amma ya san a wannan zamanin ba a son a ji mutum yana jayayya da ci gaba. Ya sa hannu.

Masu buga tafireta suka shiga kwafe sunaye da maki zuwa sabuwar na'ura. Suna gamawa Muniru ya ɗauko a-kori-kura, ya lodo akwatunan katunan, ya kawo Zongo, ya raba a matsayin tsarabar zamani. Mai ƙosai ta ga sun yi daidai da kwasar yaji. Tela ya riƙa sa su a wuyan riga. Mai shayi ya rufe kofuna da su saboda ƙuda. Ajaratu, matar Muniru, ta ce ba ta taɓa ganin abin da ke kama wuta a kurfoti kamar su ba, ta tambaya ko jami'ar tana da sauran.

Akwai abin da kowa ya sani a ƙasar nan, har da Muniru, don takardarsa ma haka take. Yaran da aka haifa a gida ko a ƙauye ba a rubuta ranar haihuwarsu. Sai za a sa yaro makaranta ake kai shi gaban alƙali, ya dube shi, ya duba haƙoransa in ya ga dama, ya rubuta cewa an haife shi wajen shekara kaza. In ofis ya matsa sai an ba shi rana, akawu ya rubuta talatin da ɗaya ga Disamba. Ga kuma sunaye. Tun da gwamnati ta ce a ajiye sunayen Turawa, mutanen kudu suka koma ga sunayen ranar haihuwa, Kossi da Koffi da Komlan. Musulmi kuwa dama tsakanin Issifou da Alassani da Seydou suke yawo.

Da kwamfuta ta jera sunayen sai Muniru ya ga suna ɗaya da rana ɗaya suna ta maimaituwa. Bai yi mamaki ba. Ya ce dama ya san tsohuwar na'ura ta rikice. Ya umarci sabuwar ta haɗe duk wanda ya maimaitu ya zama mutum ɗaya. Ta haɗe. Yawan ɗaliban jami'a ya ragu da ɗaruruwa kafin azahar.

"Ɗaliban bogi," ya gaya wa Sakatare da murya ƙasa-ƙasa. "Shekara da shekaru suna ɓoye a ciki. Ni na kamo su."

Sakatare ya rubuta rahoto zuwa ma'aikatar ilimi. Ma'aikata ta aiko da yabo, ta kuma sa rana a tsakiyar Yuli da wakilin minista zai zo ya ƙaddamar da na'urar, a ba gwarzon ɗalibi kyauta. A Zongo Muniru ya daina zama a kan benci a wurin mai shayi. Tsaye yake shan nasa, hannu ɗaya a aljihu.

"Ba ma wannan ba," yake cewa. "Wasiƙa take rubutawa da kanta. Gayyata, gargaɗi, ta'aziyya. Ni sai dai in danna."

"Tana sa kan sarki da kanta?" mai shayi ya tambaya.

"Ana kan aikin wannan."

Bayan an gama jarrabawa, wata Alhamis, Issifou ya dawo daga gidan waya da ambulan mai hatimin jami'a da sunan mahaifinsa. Alhaji ba ya karanta Faransanci. Ya gyara zama a rumfa, a gaban abokan cinikinsa, ya ce a karanta masa sakamako.

Issifou ya karanta a zuci har ƙarshe, ya sake komawa farko.

"Me suka ce?"

"Sun ce na rasu."

"Yaushe?"

"Bara, a Tchamba."

"Me ya kai ka Tchamba?"

"Ba su faɗa ba. Sun dai ce ina da ladabi, kuma sashen likitanci ya yi babban rashi."

"Ba shari'a kake karantawa ba?"

"Haka na zata, Baba."

Abin da ya faru ba shi da wuya. Akwai wani Issifou Alassani, ɗalibin likitanci, ɗan Tchamba, da ya rasu bara. Kwamfuta ta haɗe shi da sauran masu sunansa, ta ga ba a yi ta'aziyya ba, ta ɗauki akwatin gidan waya na ƙarshe da aka shigar mata, ta rubuta.

Abokan cinikin Alhaji sun ji komai da kunnensu, sun kuma ga Issifou da idonsu. Amma labari ya bar rumfar ba tare da wannan kashi na biyu ba. Kafin la'asar mata sun fara shigowa da kwanuka. Malam Iddi, tsohon maƙwabcinsu tun tsohon Zongo na cikin gari, ya zo da carbi a hannu, ya durƙusa gaban Alhaji.

"Mun ji abin da ya faru. Allah ya ji ƙansa."

Alhaji ya nuna masa Issifou, wanda ke shimfiɗa wa baƙi tabarma. Malam Iddi ya dubi yaron, ya karɓi takardar, ya dubi hatimin, ya sake duban yaron.

"To," ya ce. "Ni dai na riga na zo." Ya ɗaga hannu ya yi addu'ar, aka shafa.

Dangi suka iso a tasi daga unguwannin Kégué da Djidjolé. Wata gwaggo ta shigo da kukanta, ta ci karo da mamacin a ƙofa yana zuba ruwa a buta, ta tsaya, ta ce ya rame. Tunda an riga an dafa abinci, aka ci. Issifou ya ce bai taɓa sanin ana sonsa haka a unguwa ba, ya ƙara tuwo.

Muniru ya iso bayan magariba. Ya karɓi wasiƙar, ya ɗaga ta wajen fitila, ya yi murmushi.

"Ku duba tsabtar rubutu. Da tsohuwar na'ura ce, sai baɗi wannan za ta iso."

"Muniru," in ji Alhaji, "wa ya mutu?"

"Ƙaramin gyara ne, Kawu. Gobe zan tashe shi."

Ya cika alkawari. Da safe ya goge kalmar rasuwa, Issifou Alassani ya dawo duniya. Sai dai ya dawo da kaya. Takardar da kwamfuta ta fitar ta nuna ya ci shari'a, ya faɗi ilimin ƙasa, bai halarci aikin gona ba, kuma ana nemansa a asibiti ya ci gaba da koyon tiyata. Ta ƙara da cewa ba za a ba shi shaidar kammalawa ba sai ya gyara duka.

Issifou ya tafi ofishin da kansa. A bakin taga ya tarar da layi, ya tambayi na gabansa matsalarsa.

"Sun ce na faɗi ilimin ƙasa. Ni noma nake karantawa."

"Ni ma shi suka ce na faɗi," in ji Issifou. "Yaya sunanka?"

"Issifou Alassani."

Na bayansu ya leƙo. "Wa ya kira ni?"

Muniru ya buɗe tagar, ya ga taubashinsa, ya so rufewa.

"Yaya Muniru, ga mu mun zo."

"Ku su wa?"

"Ni."

"Mutum ɗaya nake gani a na'ura. Ku je ku daidaita a tsakaninku, wanda yake na gaskiya ya dawo."

Amma da yamma Alhaji ya aika aka kira shi, ya tuna masa cewa wata ya yi nisa. Muniru ya koma ya yi gyara na biyu. Ya umarci kwamfuta ta share duk darasin da Issifou Alassani ya faɗi, ta bar waɗanda ya ci, ta tara makin. Ya dawo gida ya gaya wa Ajaratu cewa ya warware matsalar da Turawa ma ba su warware ba. Ajaratu ta ce to, ta sa wani katin a kurfoti.

Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfuna a filin jami'a. 'Yan rawar jam'iyya suka zo cikin atamfa iri ɗaya, da ganguna, aka gaya musu su tashi da waƙa da zarar an kira sunan gwarzo. Muniru ya gayyaci Zongo gaba ɗaya, Zongo kuwa ta zo, a motocin haya biyu, da Alhaji a kujerar gaba. Rana ta buɗe bayan ruwan safe, zafi ya sauko.

Muniru ya yi jawabi. Ya ce tsohuwar na'ura ta mai da 'ya'yan ƙasa lambobi, shi ya mayar musu da sunayensu. Ya ce daga Dakar har Kinshasa babu jami'ar da ke da irin wannan. Ya roƙi wakilin minista ya danna da yatsansa mai albarka. Wakili ya danna, injin bugawa ya yi kuka, takarda ta fito. Muniru ya yage ta, ya karanta da ƙarfi.

"Gwarzon ɗalibi na bana, Issifou Alassani, da maki tamanin da huɗu."

Wakili ya sunkuyo. "Cikin nawa?"

"Cikin ashirin, ranka ya daɗe. Irin hazaƙar da tsohuwar na'ura ta ɓoye wa ƙasa ke nan."

Ganguna suka tashi. Samari shida suka miƙe daga wurare daban-daban, kowanne da takardar gayyata a hannu, don wannan karon na'ura ta aika wa duk akwatin gidan wayan da ke ƙarƙashin sunan, kowanne da danginsa a baya, suka nufi dandamali. 'Yan rawa ba a gaya musu adadi ba, suka raka su duka. Samarin suka jeru a gaban wakili, suna duban juna.

Wakili ya ɗaga hannu, ganguna suka yi shiru.

"Wanne ne a cikinku?"

"Abu mai sauƙi, ranka ya daɗe," in ji Muniru. "Na'ura ba ta ruɗewa. Wanda aka haifa ran talatin da ɗaya ga Disamba ya matso gaba."

Duka shidan suka matso gaba.

"Shekarar sittin da huɗu."

Ba wanda ya koma baya.

Wakili ya dube su. "Ni ma ranar aka rubuta mini," ya ce, ba da wasa ba.

A nan ne wani dattijo cikin farar riga da ta sha tafiya ya taso daga bayan rumfa, yana dogara sanda. Ya miƙa tasa takardar.

"Daga Tchamba nake," ya ce da Hausa. "Ɗana Issifou ya rasu bara. Sai ga takarda cewa ya ci kyauta. Na ce ƙila wani aiki ne ya bari a wurinku. Na zo in karɓa masa."

Aka fassara wa wakili. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ɗauki ƙamus ɗin da aka tanada a matsayin kyauta, ya sauko daga dandamali, ya ba dattijon da hannu biyu. Sannan ya juya wajen Sakatare.

"Waɗannan ne ɗaliban bogin da kuka rubuto mana?"

Sakatare ya juya wajen Muniru. "A kunna tsohuwar na'ura yau. Ina katunan?"

Muniru ya ce katunan suna wuri mai aminci. Sakatare ya tambayi wane wuri. Muniru ya dubi sama. Wakili kuwa rumfar mutanen Zongo yake duba, inda mata ke zaune a jere cikin zafi, kowacce tana firfita da kati mai ƙananan huji.

"Waɗannan fa?"

Ajaratu ce a bakin layi. Ta dubi na hannunta, ta miƙa. "In kuna so ku karɓa, ranka ya daɗe. Sauran na gidanmu dai sun shiga wuta."

Washegari Muniru ya bi Zongo gida-gida da buhu. Mai ƙosai ta ba shi nata da mai da yaji. Tela ya ce nasa suna wuyan mutane, in yana so ya bi su ya farke. Mai shayi ya ba shi rabi, ya ce sauran sai ya kawo masa abin rufe kofi. Abin da aka tara, tsohuwar na'ura ta haɗiyi na farko, ta shaƙe, ba ta sake magana ba. A ƙarshe malaman kowane sashe suka koma kan takardun jarrabawa, suna kiran ɗalibai ɗaya-ɗaya kowa ya nuna rubutun hannunsa. Alhaji ya sauki dattijon Tchamba a gidansa har ya huta, ya sa shi a mota, sannan ya koma ya zauna a ƙofar sashen shari'a, kullum, da buta da tabarma, har aka buga sakamakon ɗansa a tafireta.

Saura abu ɗaya. Kwafin wasiƙar ta'aziyya yana cikin fayil, da hatimi, kuma Sakatare ya ce ba zai sa hannu a takardar mamaci ba. Sai an kawo shaidar rai daga ofishin magajin gari, da shaidu biyu. Alhaji ya tafi da Issifou, da Malam Iddi da Muniru a matsayin shaidu.

"Ka tabbata wannan mutumin yana da rai?" akawu ya tambayi Malam Iddi.

"Na je ta'aziyyarsa," in ji Malam Iddi. "Tare muka ci tuwon."

Akawu ya rubuta. Muniru ya sa hannu a ƙasa, ya ƙara da muƙaminsa. A makon nan aka mai da shi mai kula da kujerun ɗakin taro, abin da ya bayyana wa Zongo a matsayin ƙarin girma, tunda yanzu ba wanda zai zauna a jami'a sai da saninsa.

Daga can suka biya Sakatare ya sa hannu, suka wuce babban gidan waya, wata yana gab da ƙarewa. Ma'aikacin ya auna ambulan ɗin sakamakon, ya ce in ta bi jirgin gobe za ta isa Dakar a kan lokaci. Issifou ya manna kan sarki. Muniru ya jingina da kanta, yana leƙen yadda ake rarraba wasiƙu da hannu a ciki, yana girgiza kai.

"Har yanzu haka kuke yi? Ɗan'uwa, kira mini shugabanku. Akwai hanyar da duk wasiƙun nan za su..."

"Issifou," in ji Alhaji, "kai yayanka waje ya sha iska."

Ya karɓi ambulan, ya yi bisimilla, ya tura ta cikin ramin wasiƙun jirgi da hannunsa. Sannan ya juya wa ramin baya, ya tsaya a gabansa da faɗin babbar rigarsa, yana kallon ƙofa, har motar filin jirgi ta zo ta ɗauki buhun wasiƙun.